Warin Takalmin Baban Manaja

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mama ta rabu da tarin da ya dame ta, har ta koma yi wa jikoki faɗa, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Autanmu ya fara koyon tuƙi, kowa a layin yana kaffa-kaffa da katangarsa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin shi ne ledar da direba zai miƙo miki tare da ita. Kada ki buɗe ki ce ƙanwarki ta zautu: warin takalmin aiki ne, ƙafar dama, na maigidana. Ki zauna ki karanta, tunda ni dai zama ya gagare ni. Yau sau biyu ina ɗinka hannun riga a baibai, na tashi daga kan keken na leƙa ƙofa ban san abin da nake nema ba.

Rabonki da 'yarki tun tana goye, yanzu kuwa ta haura shekara biyu, baki ya buɗe. Ubanta ne ya sa mata Manaja, wai ita ke ba shi izinin fita aiki. Kullum da safe yana shan shayi za ta lallaɓa bakin ƙofa, ta rungumi takalminsa mai ƙarfe a baki, ta ja shi tana nishi ta je ta ɓoye. Wata rana a bayan labule, wata rana a ƙarƙashin kekena, ranar da ta fi ɓata min rai a cikin bokitin shinkafa. Sai ta tsaya daidai gaban wurin, hannu a baya, ta ce babu. Shi kuma babban mutum da gemunsa, sai ya sa wari ɗaya ya dinga tsalle da ƙafa guda yana zagaya ɗaki. Ya duba aljihu, ya duba cikin kofi, ya ɗaga hammatarta ya leƙa, ita tana dariya har shaƙuwa ta kama ta. Ba ta fito da shi sai ya ɗaga ta ta taɓa silin. Sannan ta jawo takalmin, ta sumbaci uban a sanƙo, ta shafa gemun ta ce ya tafi. Ya sha makara saboda wannan shirme, ogansu ya sha faɗa, bai taɓa dainawa ba. Ni ina mita a baki, amma a raina babu lokacin da na fi so a yini kamar wannan.

To, da aikin haɗa wayar lantarkin nan na wajenku ya samu, ya ce ba zai iya kallon idonta ya tafi ba, zai sulale tana barci. Na ce masa ba dabara ba ce, bai ji ba. Ashe ita ma ta ga jaka ta sha jinin jikinta, tun da yamma ta ɗauke takalmin. Muka birkice gida ba mu gan shi ba, muka lallaɓa ta, ta ce babu. Haka ya fita da silifas, ya ce zai sayi wani a can. Sai da na zo shara na lura warin hagun ma ba ya nan, ashe ya cusa shi a jaka ya tafi da shi. Kin ji mutumin da yake cewa shi ba ya da rauni.

Da ta farka ba ta yi kuka ba, ta duba banɗaki, ta duba bayan ƙofa. Maƙwabciyarmu ta tsokane ta cewa Baba ya gudu, ta girgiza kai ta ce bai tafi ba, takalmi yana wurinta. Kwana da kwanaki duk ƙarar babur sai ta sheƙa bakin ƙofa. Shi kuwa abokan aikinsa sun cusa masa wai idan yaro yana jin muryar uba kewar ba ta warkewa, gara a bar shi ya manta. Don haka ba ya kira sai ya daidaici barcinta na rana, ya tambaye ni me ta ci, me ta ce. In na ce bari in tashe ta, sai ya ce oga na kira. Wallahi Yaya haushinsa nake ji, kuma tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan ɗauka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne 'yan kwanakin nan ta daina zuwa ƙofar. Babur zai wuce ko kai ba ta ɗagawa. Dariyar nan mai shaƙuwa na neme ta na rasa. Na gwada ɓoye nawa takalmin ina tsalle, ta kalle ni kamar an aiko ta, ta juya.

Jiya ina kan keke sai na ji ana jan abu a ƙasa. Ta fito da takalmin ubanta daga bayan durom ɗin ruwa, inda babu wanda ya yi tunanin dubawa, duk yana da ƙura. Ta ɗora min a cinya da ƙyar. A ciki akwai biskit guda da ta gutsura. Ta ce in ba Baba, ta daina, ba za ta ƙara ba, ya sa ya zo. Yaya, ashe duk kwanakin nan a tunaninta ita ta hana shi dawowa, yana can wani wuri da ƙafa ɗaya ya kasa tahowa. Na rungume ta na ce ba laifinta ba ne, amma ba daga bakina take son ji ba.

Ba cewa nake ya bar aiki ba, muna bukatarsa. Amma yana jin nauyinki fiye da kowa. Don Allah ki kira shi gida, ki ba shi ledar hannu da hannu, kada ki bar shi ya tashi sai ya kira mu ta bidiyo a gabanki, da safe, tana ido biyu. Ya sa wari ɗaya ya yi mata tsallen nan ko da yaranki za su yi masa dariya, sannan ya sa duka biyun ta gani da idonta.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da Goggo idan kin leƙa ta. Mama da Auta suna gaishe ku. Manaja ma tana gaida ki, ga ta nan ta ja kujerarta ta koma bakin ƙofa tun da ta ga na ɗaure ledar. Biskit ɗin kada ki zubar, ta ce na hanya ne.

Taki ƙanwa,
Maman Manaja