Harafin da Na Cire wa Ejvind

Litinin, 4 ga Maris

A kaɗa ƙararrawar coci, a sassauto da tuta: yau harafin å na harshenmu ya rasu a shafin intanet na ƙungiyar tarihin garinmu. Kamfanin da ke ajiye mana shafin ya sabunta injinansa, tsohuwar manhajata ta daina gane harafin, duk inda yake sai alamar tambaya.

Bodil, shugabar ƙungiya, ta bugo waya. "Preben, tsohuwarka ta sake faɗuwa?" Na ce tuntuɓe ne kawai. Ta daɗe tana so mu koma sabon tsari irin na kowa, mai adana kwafin komai da kansa. Na ce mata yayi nawa aka yi aka binne, tsohuwata tana nan. Da hannuna na ɗora ta tun ina da gashi.

Laraba, 6 ga Maris

Dole a yi sauri. Mai sassaƙa zai kwafi sunayen masuntan da teku ta ci daga shafinmu, don dutsen tunawa da za a kafa a bakin tashar jiragen ruwa. Kafin in gano gyaran, na sa manhaja ta mayar da kowane å zuwa aa, yadda kakanninmu ke rubutawa. Wanda ya karanta tsofaffin littattafai ba ya rasa mafita. Na saka wa kaina da burodi baƙi da kifi.

Juma'a, 8 ga Maris

Na gyara. Umarni ɗaya, kowane aa ya koma å. Na aika wa Bodil saƙo cewa tsohuwa ta miƙe ba sanda.

Alhamis, 14 ga Maris

Ban so rubuta wannan ba.

A gidan burodi na haɗu da Gudrun Nørgaard, ƙawar marigayiya mahaifiyata Inger. Mijinta Ejvind yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Ta je wurin mai sassaƙa ta leƙa dutsen.

"Ɗan Inger," in ji ta, "wane ne Ejvind Nørgård? Ni dai ban aure shi ba."

Na yi dariya. Dariya, a gaban mai burodi. Sai da ta ci gaba da kallona na gane. Da aka kawo å cikin rubutunmu a madadin aa, gidaje da yawa sun ƙi canza sunansu, sun riƙe aa ɗinsu, su Nørgaard, su Vestergaard. Yaron firamare ya san wannan. Umarnina bai bambance aa ɗin da na ƙirƙira ranar Laraba da wanda mutane suka gada ba. Ya aske kowa aski ɗaya.

Na fara yi mata bayanin injina da sabuntawa. Ta ɗaga jakar burodinta.

"Teku ba ta dawo min da ko takalminsa ba. Sunan kaɗai ta bar min, kai kuma ka rage shi."

Juma'a, 15 ga Maris

Na nemi kwafin ajiya. Na ƙarshe da na yi ya girmi shafin masuntan. Kullum ina cewa gobe.

Na ce wa Bodil laifin kamfani ne. Ta ce, "To." Da ta zage ni ya fi.

Asabar, 16 ga Maris

Wurin mai sassaƙa. Ya tsayar da aiki, amma layin Ejvind ya riga ya shiga dutse. Ya ce zai iya goge wurin ya sake sarawa, sai dai zai lotsa kaɗan, duk mai shafawa zai ji. "Dutse ba kwamfuta ba ne, malam masani, ba shi da maɓallin komawa baya." Ban gaya masa tawa ma ba ta da shi ba.

Sauran sunayen na bi maƙabarta da gidajen mutane ina tambaya. Kofi a kowane gida, da kek, da kallon nan.

Litinin, 18 ga Maris

Gidan Gudrun. Na tsaya a ƙofa da hula a hannu kamar ɗan makaranta. Na gaya mata maganar lotsawar. Ta ce a goge a sake, ita ce mai shafawar, kuma gara mata rami da sunan wani. Ta zuba min kofi, ba ta ba ni kek ba. Daidai ne.

Da zan fita ta ce, "Kamfani ne da gaske?"

Na ce a'a.

Talata, 19 ga Maris

Bodil za ta zo Asabar mu fara kwashe shafin zuwa sabon tsarin. Har yanzu ina ganin launinsa kamar na asibitin haƙori. Na ba ta kalmar sirri, na kuma gaya mata abin da na gaya wa Gudrun.

Bodil ce da gaskiya. Ni ne ban da ita.