Fitilun Bayan Bafal

Alhamis, 3 ga Oktoba 2024

Yau Baban Jannatu ya dawo daga Malanville da sabuwar fitina. Wata igiya ce doguwa mai ƙananan fitilu a jere, da ɗan akwati baƙi, da telekomand na kunnawa daga nesa. Ko wanka bai yi ba, yana warin esans, man injin jirginsa, da ruwan kogi, ya janyo manyan bafal ɗin nan biyu, lasifikokin da ya saya bara, ya durƙusa yana liƙa igiyar a bayansu. Da ya kunna sai bangon falo ya yi shuɗi, ya koma kore, ya koma ja. Jannatu, autarmu, tana ta tsalle tana tafi. Ni kuwa ina durƙushe a gefe da kwanon tuwo.

Na ce masa ga abinci. Bai ko waiwayo ba.

Dama ƙarar bafal ɗin ta ishe ni, labarun rediyo ma sai ya ƙure murya har kwanuka na rawa a kan kanta. Yanzu kuma an ƙaro mini walƙiya a cikin ɗaki. Mutum da furfura a gemu, wallahi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ƙwarin kogi duk sun gane gidanmu. Da magariba sai su yo ayari su shigo falo. Na tsamo uku daga cikin miyar kuɓewa kafin na haƙura na zubar.

Talata, 8 ga Oktoba

Na ɓata ɗinkin Hajo maƙwabciyata. Jiya da yamma na zaɓi zare a falo, a ƙarƙashin wannan haske na tsiya, na rantse shuɗi na ɗauka. Da gari ya waye na ga kore shar na bi bakin zanen da shi tun daga sama har ƙasa. Sai da na zauna na farke shi duka.

Hajo ba ta yi fushi ba, ita dariya ta samu. Wai, "Rabi, ashe gidan rawa kuka buɗe ba ku gayyace mu ba? Daga bakin masallaci ana hango tagarku tana ƙyafta ido." Na yi dariyar yaƙe. Da ta tafi na ji kamar in nutse.

Ba fitilar ce ta fi ci mini rai ba, in zan faɗa wa kaina gaskiya. Mutumin nan ya daina amsa mini magana. Ba yau ya fara ba, an daɗe, amma tun da bangon nan ya samu launi abin ya fito fili. Zai dawo daga tuƙin jirgi, ya zauna ya zuba wa bango ido, ni ina gefe kamar buhun gawayi. Tun da aka rufe gadar Malanville kowa ya koma tsallakawa ta ruwa, yana kan inji daga safe har yamma, na sani, gajiya ce na ce da farko. To gajiya ba ta hana shi hira da Jannatu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na rasa laifina. Yadda Inna ta koya mini a Tanda haka nake yi tun ranar da aka kawo ni gidan nan: in zan yi masa magana in durƙusa daga gefe, in sunkuyar da kai, in sassauta murya. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ina magana ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba ko da wasa. Matan unguwa har misali suke yi da ni. Ga sakayyata.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Sabon salo. Yanzu kashe kiɗan yake yi ya bar fitilar kaɗai. Ya danna wani abu a telekomand, sai ta tsaya shuɗi-shuɗi, ba ta motsi sai an yi ƙara. Murfin tukunya ya faɗi, bango ya yi ja. Jannatu ta ƙwala masa kira daga tsakar gida, bango ya yi ja, ya miƙe da sauri, "Na'am, uwata!" Jakin Ado mai ruwa ya yi kuka a waje, bango ya haska, ya waiwaya har da leƙa taga.

Jaki yana samun amsa a gidan nan. Ni ce ba na samu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yaya Mansur ya kira daga Tanda, Inna ba lafiya. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta cin komai, tana ta tambayata.

Na jira Baban Jannatu ya ci abinci ya sha ruwa. Na durƙusa inda na saba, na ce Inna tana kwance, ina neman izini in je in duba ta. Shiru. Yana kallon bangonsa. Na sake faɗa. Sai ya yi hamma, ya miƙe, ya ce wai gobe da sassafe suna da lodin albasa, a tashe shi da wuri. Ya shige ɗaki.

Albasa! Uwata tana kwance, shi albasa.

Ko "a'a" ya ce da na san na yi magana da mutum. Na zauna a wurin har ƙafata ta yi sanyi, bangon yana nan shuɗi abinsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban je ba. Ba zan fita ba izini a ce ɗiyar Inna ta yi abin kunya ba. Na wuni ina kuka a kan keken ɗinki.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na kira Yaya Mansur. Na ce ranar Juma'a ya nemo mota ya zo ya ɗauke ni, ni da Jannatu da keken ɗinkina. Ya ce, "Har da keke, Rabi?" Na ce har da keke. Ya san abin da hakan yake nufi, macen da ta tafi da kekenta ba ganin gida ta je ba. Ya ce in yi haƙuri in ƙara tunani. Na ce tunanin ne ya kawo ni nan.

Inna da ɗan sauƙi, wai ta sha kunu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Zafi kamar a bakin murhu, an ɗauke kuran, ba wuta tun safe, firiji ya zama akwati. Amma fitilar maigida tana ci, don ya haɗa ta da batirin fano mai cin hasken rana. Fanka ba ta samu batiri ba, bango ya samu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na yi abin da na yi, kuma ba na nadama. Bayan ya fita na ɗauki almakashin ɗinki na datse igiyar nan gida biyu. Tun da jibi zan tafi, in bar masa abin tunawa.

Na shirya wa faɗa. Na ce yau dai dole ya buɗe baki ya yi mini magana, ko zagi ne ina so. Da ya dawo ya danna, ya sake dannawa, ya leƙa bayan bafal ya gani. Ya ɗago igiyar yana juya ta a hannu. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Bai ce uffan ba. Ya nemo salatif yana ƙoƙarin haɗawa da manyan yatsunsa, ta ƙi. Daga baya ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa, ya zauna a haka, abincin ma kaɗan ya taɓa.

Jannatu ta kira shi daga bayan ɗaki ya zo ya ga ƙadangare. Ta kira, ta kira, har ta yi fushi. Bai motsa ba. Wannan kam ya ba ni mamaki.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Bayan la'asar Alfari ya zo, abokin aikinsa da suke jirgi ɗaya. Ina madafa ina jin sallamarsa a ƙofar gida, yana yi yana ƙarawa. Baban Jannatu yana falo, ya ɗan kishingiɗa, ido biyu. Da abin ya yi yawa na yafa mayafi na fita na ce yana ciki, ban san abin da ya hana shi fitowa ba.

Alfari ya ce, "Fitilar ta lalace ne?"

Na ce mene ne haɗin fitila da sallama?

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Haba, Maman Jannatu. To da mi zai san ana magana?" Da ya ga fuskata sai ya kama salati. Wai shi ya ɗauka na fi kowa sani. Kunnuwan mutumin nan sun tafi, injin jirgi ya cinye su a hankali. Na hagu ya mutu sarai, na dama sai an yi ihu kusa. A bakin kogi kowa ya sani, da hannu suke yi masa magana, ko su tsaya gabansa ya kalli bakinsu. Watan jiya saura kaɗan wani jirgi ya hau su, ana ta yi masa kururuwa bai ji ba, shi ya sa yanzu Alfari ne a kan inji shi yana gaba. Ɗan akwatin nan baƙi kuwa kunne ne da shi, in ya ji sauti sai fitilar ta motsa. Wani mai butik na kayan wuta a Malanville ya nuna masa.

Ban san yadda na sallami Alfari ba.

Na shiga falo. Na tsaya a gabansa, ba a gefe ba, na durƙusa har fuskata ta yi daidai da tasa. Kunya kamar ta kashe ni. Na dubi idonsa na ce da ƙarfi, "Ba ka ji, ko?"

Ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya ce, "Alfari ne ko?" Ya share fuska da tafin hannu. Abin da ya faɗa bayan nan ba zan iya kawo shi duka ba, guntu-guntu ya tsaya mini. Wai yana ganin ina durƙusawa a gefensa, bai san ko magana nake ba ko jira nake ya gama ci. In ya waiwayo kaina yana ƙasa, ba ya ganin bakina. Ya ce, "Saboda ke na sayo ta, Rabi. Na ce in kin yi magana bango zai gaya mini. Jannatu na kunna ta, jaki na kunna ta. Ke kaɗai ce a gidan ga ba ki taɓa kunna ta ba. Sai na ɗauka kin daina yi mini magana."

Na ce Inna tana kwance tun makon jiya, na roƙe ka izini ka ce mini albasa. Sai da na maimaita. Ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi, yana "Inna? Inna tamu?" Har ya fara neman takalmi.

Ni dai haushi bai sake ni ba. Na ce don me duk bakin kogi suka sani ban da matarka? Ya ce shi bai gaya wa kowa ba, su suka gane.

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji, har yanzu ba ta sauka ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na kira Yaya Mansur tun da asuba na ce ya bar zancen mota. Ya tambayi keke, na ce keke nauyi gare shi.

Baban Jannatu da kansa ya kai mu Tanda a kan moto, babur ɗinsa, da busasshen kifi da rake. Inna ta tashi zaune, alhamdu lillahi. Da za mu taho na tsaya gabansa a tsakar gida na ce da ƙarfi ya ɗauko jakar Jannatu. Inna ta kira ni ɗaki, da ƴar muryarta ta marar lafiya, wai, "Haka na koya miki? Kina yi wa mijinki tsawa kina zare masa ido a gaban mutane?" Na ce ta yi haƙuri. Ban yi mata bayani ba, shi ya roƙe ni kar in faɗa tukuna.

Talata, 29 ga Oktoba

Maƙogwarona ciwo yake. Hajo ta leƙo ta katanga wai lafiya kwana biyu take jin muryata, ko faɗa muke? Na ce hira muke.

Baban Jannatu ya ce ba zai je asibitin Dosso ba, wai kunnen da ya tafi ya tafi. Zai je. Yanzu da na iya ɗaga murya zai gane kurensa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na kai igiyar wurin Bashir mai gyaran rediyo ya haɗa ta da dalma. Ba don tana burge ni ba, har gobe muni gare ta, ƙwari kuma sun dawo tun jiya. Don dai almakashina ne ya yanke ta.

Da hantsi ba kowa a gida, Jannatu tana makaranta, na kunna don in gwada ko gyaran ya yi. Na yi magana yadda na saba, bango ko gezau. Na ƙara murya, ya ɗan yi kore. Na rasa abin da zan ce wa bango, sai kawai na ji na faɗi sunan maigidana da ƙarfi. Sunansa na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Badaru.

Ashe ya dawo ɗaukar igiyar jirgi da ya manta, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi bango, ya dube ni. Ya ce, "Mi kika ce?" Na juyo na kalle shi na ce zare nake nema. Ya ce, "Zare ne ya yi wannan ja haka?" Na ce ya ɗauki igiyarsa Alfari na jira. Ya fita yana murmushi kamar wani yaro.

Gyaran Bashir ya yi kyau, abin da nake son rubutawa ke nan. Sunan yana kunna ta har rufin ɗaki.