Tambayar Baba a Majalisa

Daren Laraba, unguwar Diguel

Yau Baba ya yi tambayarsa ta farko tun da aka zaɓe shi kansila. Kwana uku ina koya masa ita da Faransanci, har ina yi masa tsawa. Da ya miƙe a majalisa, Faransancin ya gudu. Na ji kamar in nutse. Sai ya ninke takardar tambayar, ya ce da Larabci, "Kun ce an gyara wutar ɗakin haihuwar unguwarmu. Jiya na je. Har yanzu da fitilar waya ake aiki, kamar ranar da na rasa matata." An sa ranar zuwa duba wutar.

A hanya ya ce, "Uwata, na ba ki kunya ko?" Hannunsa kawai na riƙe har gida.