Kekena Ba Ya Shiga Banɗakin Wurin Aikina

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya kai ni maƙura, kuma irin maganar nan ce da ba ta faɗuwa a gaban mutane.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu. Shan inna ya taɓa ni tun ina ƙarama, da keken guragu nake zirga-zirgata, kuma ban taɓa ɗaukar kaina abar tausayi ba. Na yi karatu, yanzu ina aiki a wani kantin magani, ni ce a bayan kanta. Ginin na yayan mijina ne, mai kantin haya yake yi a hannunsa, kuma Yayan ne ya yi mini hanyar aikin.

Ƙofar kantin tana da matakala. Mai gadi ya samo wani katako yana shimfiɗa mini, ya turo ni ta baya. Ranar da aka yi ruwa katakon ya yi santsi, keken ya kife da ni a gaban masu jiran magani, takalmina ɗaya ya faɗa kwata. Aka yi salati, aka ɗaga ni, aka ce lallai za a gyara. Damina ta wuce, wata ta shigo, katakon nan dai shi ne.

Amma Gwaggo, katakon ne abin da kowa yake gani. Abin da ke cina shi ne banɗaki. Yana can ƙarshen wani siririn lungu da aka jibge kwalayen magani, ƙofarsa kuma ba ta cin kekena. Tun da na fara aiki ban taɓa shigarsa ba. Dabarar da na yi ita ce na daina shan ruwa. Da safe in kurɓa kaɗan, shi ke nan sai na koma gida. Ina miƙa wa mutane magani ina ce musu su sha ruwa da yawa, ni kuwa leɓena a bushe. Abokan aiki har tsokanata suke, wai raƙuma ce ni. Ina taya su dariya.

Watan jiya wanda zai karɓe ni bai zo da wuri ba, ga layi har waje. Na matse, na matse, har abin ya ƙwace mini a kan keken. Na ja mayafina na rufe cinyoyina, na ci gaba da sallamar mutane kamar ba abin da ya faru. Mai shara ce kaɗai ta lura. Ta zo ta goge ƙarƙashin kantar ba ta ce uffan ba, ta fesa turare. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan nan zazzaɓi da ciwon mara suka kwantar da ni, likita ta ce ciwon ya fara hawa ƙoda, kuma in na ci gaba da riƙe fitsari ba za ta ɗauki alhakina ba.

Na yi wa mai kantin maganar matakala, ya ce shi ɗan haya ne, ba shi da ikon taɓa ko bulo ɗaya. Ta banɗaki kuwa bakina ya kasa, namiji ne, kuma a haife ya haife ni. Sai na tura mijina wurin Yaya. Ya dawo yana sosa ƙeya, wai Yaya ya ce ba za a taɓa bangon kantin ba don shi ke riƙe da bene, kuma in wurin bai yi mini ba in huta a gida mana, ai ba a rasa ni da ci da sha ba. Ina zargin ma mijin nawa bai ambaci banɗakin ba. Yaya ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Yanzu magana ta kai kunnen surukata, tana cewa an yi mini rana ina neman in yi musu dare.

Wata abokiyar aikina ta ce in kai ƙara ƙungiyar masu buƙata ta musamman. To in kai ƙarar wa? Baffan 'ya'yana? Aikin nan shi ne wurin da ake kirana don ana buƙatata, ba don a taimake ni ba. In na bar shi ban san wace ce ni ba, in na zauna kuma jikina ne ke tafiya. Yaya zan yi?

Mai Keke a Bayan Kanta

'Yata Mai Keke,

Na karanta, kuma raina ya sosu. Abin da ya same ki ranar nan ba abin kunyarki ba ne, ƙofar ce ta gaza.

Mu fara da ƙoda, don ita ba ta jiran magini. Daga gobe ki sha ruwa yadda likita ta ce. Ki shaida wa mai kantin cewa kafin a yi gyara kina buƙatar hutu da tsakar rana ki je inda kekenki zai shiga, ko a rage miki tsawon wunin aiki.

Wannan yana nufin dole ki furta kalmar banɗaki a gabansa. Na san da nauyi. Amma ki lura, duk mutanen da kike jin haushinsu, mai yiwuwa ba wanda ya san gaskiyar halin da kike ciki. Su a ganinsu rigimar katako ce. Mutumin da ke sayar da magani ya san abin da riƙe fitsari yake yi wa jiki. In bakinki ya yi nauyi, ki tafi da abokiyar aikin nan taki ta buɗe maganar.

Shi kuma Yaya, tsoron bangon zai iya zama gaskiya, zai iya zama uzuri. Magini ne zai raba gardama. A kira shi ya auna kekenki, ya duba ƙofar. Wataƙila kwashe kwalaye da sauya ƙyaure sun isa, wataƙila sai an yi ƙaramin banɗaki ta baya. Matakalar kuma a zuba mata gangare na siminti mai sauƙin hawa, da abin dafawa. Tsofaffi da marasa lafiya da ke zuwa kantin su ma za su huta. Mai kantin ne ya kamata ya kai wa Yaya wannan buƙata, ɗan haya da mai gini, don maganar ta fita daga cikin dangi.

Mijinki kada ki ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma kada ki sake aikensa shi kaɗai. Ku je tare, ki gaida Yaya, ki gode masa kan aikin, sannan ki faɗa masa da bakinki abin da likita ta ce. Zuwa ƙungiya kuma ba lallai ya zama kai ƙara ba. Ki je ki tambayi haƙƙinki a dokar inda kike, su kuma sun san maginan da suka iya irin wannan gyara.

Ba zan yaudare ki ba, za ki iya yin duk wannan Yaya ya ƙi. In haka ta faru, ki fara neman wani wurin tun kina kan wannan, ki tambayi ƙofa da banɗaki kafin ki karɓa. Zai yi ciwo, surukarki kuma za ta yi magana. Ki bar ta ta yi. 'Ya'yanki uwa mai lafiya suke buƙata, kuma iliminki tare da ke zai tafi duk inda kika je.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya tausasa zukatansu.

Gwaggo