Tauraron da Ya Share Aikin Mzee Kileo

Shangazi Mwajabu, gwaggonmu, don Allah ki taimake ni, mako biyu ke nan ko tuwon ugali ba ya yi mini daɗi.

Ina aiki a wata cibiyar binciken irin masara a nan Morogoro. Da can takardu nake jerawa. Mzee Kileo, dattijon da ke kula da babbar kwamfutarmu, shi ya ja ni a jiki ya koya mini aiki da baƙin allon nan da ake rubuta umarni, har ya tsaya mini lokacin da wasu ke cewa ina mai jera fayil ina kwamfuta. Mzee yana da wata ɗabi'a tun zamanin takarda, duk fayil ɗin da za a zubar sai ya zana masa tauraro, kuma haka ya shigo da ita kwamfuta. Ran nan ya ce in share wata tsohuwar folda mai suna mahindi * (mahindi shi ne masara a Swahili), ya bar mini kwamfutar a buɗe da sunansa, ya tafi shan chai. Ni kuma sarkin rawar kai na rubuta umarnin sharewa, rm -r mahindi *, na danna. Ashe a wurin kwamfuta tauraro na nufin komai da komai. Kafin in ƙifta ido wurin ya zama fayau. Na zare jiki na koma teburina, ban ce uffan ba.

Kwafin ajiya ya dawo da yawanci, sai awon gonakin gwaji na kwana tara da ya tafi. Da aka bincika sunansa aka gani, shi kuma ya ce tabbas shi ne. Jiya ya ce mini, "Binti, 'yata, kan nan ya tsufa, gara in koma Kilosa in yi kiwon kaji kafin in ƙone muku ofis." Dariya yake yi, amma na ga takardar barin aiki a aljihun teburinsa, ƙarshen wata zai miƙa. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya hana ni magana, don in na faɗa masu zunɗena sun ci riba. Yaya zan yi?

Mai Nadama, Morogoro

Ƙanwata, share hawayenki. Babu mai aikin nan da tauraro bai taɓa ƙona wa yatsa ba. Kuskuren ba naki ba ne ke kaɗai: Mzee ya raɗa wa folda suna mai hatsari, ya kuma bar ki kina aiki da sunansa. Amma shirun naki ne, kuma shi ne ke shirin raba dattijo da aikinsa.

Ina zargin ma ya sani sarai, rufa miki asiri yake yi. Ko ya sani ko bai sani ba, gobe da safe ki same shi shi kaɗai ki faɗa masa, sannan ku je wurin shugaban cibiyar tare. Kada ki je hannu rabbana. Masu awon gona ba sa rabuwa da littattafansu, ki ce ke za ki sake shigar da kwana taran nan da hannunki. Za a yi faɗa, masu zunɗe za su yi na kwana biyu, amma da wuya a kori wadda ta zo da gaskiya da gyara.

Nan gaba, duk sunan da ke da tauraro, tazara ko wata baƙuwar alama, ki rufe shi da alamar zance, kamar haka: rm -r 'mahindi *'. In kuma sunan ya fara da ɗan layi (-), ki sa ./ a gabansa. Kafin ki share, ki fara sa ls -d a gurbin rm -r ki ga abin da zai tafi, ki kuma nemi a buɗe miki sunanki na kanki. Mzee kuwa, a lallaɓa shi ya bar wa takarda taurarinsa.

Ya yarda da ke lokacin da ba ki iya komai ba, kada ki bar shi ya daina yarda da kansa saboda ke. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ki fito da farar fuska.

Shangazi Mwajabu