Muhammadu Uku, Kwalba Uku: A Faɗa Mana Wane Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Bincike kan Allurar Barci,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa, ina fata kana lafiya tare da iyali da abokan aiki. Ni tela ne a Yakasai. Na fito fili ne saboda bencin ƙofar ofishinka ya san ni fiye da yadda ka san ni, kuma wallahi na gaji.

Na ɗaya. Lokacin da za a yi wa mahaifinmu tiyata a asibitinku, yaranka suka nemi izinin manna masa wayoyi a goshi, na'ura ta riƙa zana motsin ƙwaƙwalwarsa yayin da yake cikin barcin allura. Muka yarda. Aka gama aikin da hantsi, Baba bai iya numfashi da kansa ba sai bayan la'asar. Ƙanena Sani yana tsaye a bakin taga, ya ga komai da idonsa.

Na biyu. Bayan an sallame mu, ma'aikatanka suka zo har zaurenmu. Suka ce wannan jinkirin farkawa yana iya zama gado a ƙwayoyin halitta, suna son jinin 'ya'yan Baba. 'Yan'uwana suka noƙe. Ni ne mai zaƙewa, na rarrashe su ɗaya bayan ɗaya har suka miƙa hannu.

A nan aka yi kuskuren. Ƙannena uku duk Muhammadu ne: Auwalu, Sani da Salisu. Kuma kamar rabin mutanen unguwarmu, a makaranta sunan unguwa aka liƙa mana a matsayin sunan mahaifi. Na ce wa yarinyar da ke rubutu ta sa sunan tsakiya. Ta yi murmushi ta ce kwamfutarsu gurbi biyu gare ta na rubuta suna. Haka kwalabe uku suka tafi, kowacce da Muhammad Yakasai a jikinta.

Na uku. Da sakamako ya fito, wani likitanku ya shaida mini cewa ɗaya daga cikin Muhammadun ya gaji abin da ke jikin Baba. Wanne? Bai sani ba. Ya ce a lissafinku wannan ba ya canza komai, tunda mutum ɗaya ne dai cikin uku. Na yarda lissafinku ya fita daidai. Mu a gidanmu mutum uku ne suka kwana da tsoron da na mutum ɗaya ne.

Yanzu Sani yana fama da ƙaba. A Ƙofar Mata yake rini, aikin da duk sunkuyo ne da ɗaga jiƙaƙƙen yadi. Likita ya ce a yi aiki kafin hanji ya shaƙe, ya kuma tabbatar masa akwai wani maganin barcin daban da za a iya amfani da shi. Sani ya ƙi. Ya ce ba zai kwanta a gadon nan ba sai an faɗa masa ko shi ne. Ban iya yi masa musu ba, domin ni na kawo masa masu allurar har gida. Kullum da safe sai ya ɗaure mararsa da tsumma ya fita.

Na yi ta zarya. Yau a ce kuɗin binciken ya ƙare, gobe a ce mai lissafin ya tafi ƙaro karatu. An ce mini har an buga sakamakon a wata mujalla ta ƙasar waje. Ina taya ku murna.

Roƙona ɗaya ne, Ranka ya daɗe. Ba diyya muke nema ba, ba kuma so muke a kori kowa ba. A sake ɗibar jinin mutum ukun nan. Da ƙafarmu za mu zo, ba sai an biyo mu ba. In kwamfutar har yanzu gurbi biyu gare ta, ni zan zo da alkalamina in rubuta a jikin kwalbar: Sani.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya sa iliminka ya amfani waɗanda aka ɗebi jininsu aka same shi.

Wassalam.

Nasiru Tela, Yakasai, Kano.