Kwalbar da Inna Ta Miƙa

Assalamu alaikum Yaya Saifullah,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tunda wayarka ta zama ado, ga takarda ta hannun direba. Tarin Inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta rame har awarwaronta na zamewa. Jiya munka kai ta asibitin da maigidana Baban Zahra'u ke aiki. Sun samu sabuwar na'ura, mutum ya tofa kaki a kwalba da safe, kafin la'asar an san ko tarin fuka ne. Shi da kanshi ya miƙa mata kwalbar, ya tsaya kanta har ta gama, don kada a ce surukarshi ta bi layi. Sakamako ya fito, ba a ga komai ba. Ka kwantar da hankalinka.

Ƙanwarka,
Khaula, Gidan Dare

Khaula,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah, amma hankalina bai kwanta ba. Na kira Inna, tari ya hana ta ƙarasa gaisuwa. Matar da ba ta taɓa shan ruwa gaban mijinki Junaidu ba, ba ta taɓa kama sunanshi ba, ita ce za ta kakaro majina gabanshi? Ki tambaye ta abin da ta tofa. Ki gaida mutanen gida.

Yayanka,
Saifullah, Kaduna

Assalamu alaikum Yaya,

Ka yi haƙuri da shiruna. Takardarka haushi ta ba ni, na ce mutum shina Kaduna shina koya mana jinya, na tura ta ƙarƙashin katifa. Sai da Inna ta fara tofar da jini na tambaye ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Haba ɗiyata, in buɗe baki in yi kaki gaban mijinki? Miyau na zuba mai." Baban Zahra'u da ya ji, zama ya yi ƙasa. Ya ce ya ga abin ya yi ruwa-ruwa, amma ina shi ina ce wa Inna ta sake?

Wannan karon sai da ya bar gidan, na rufe ƙofa, na riƙe mata kwalbar. Kafin la'asar anka ce tarin fuka ne, kuma ya ci huhun sosai. An fara ba ta magani, mu ma duk an gwada mu. Yaya, tsoro nike ji. Ka taho.

Khaula

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Direba ya ce kana hanya, za ya tare ka a tasha ya ba ka wannan. Inna ta rasu da hantsi, an kai ta. Kafin ta cika ta sa a kira Baban Zahra'u, ya durƙusa bakin ƙofa kamar kullum. Ta ce, "Shigo, Junaidu. Ba laifinka ba ne."

Tun da munka yi aure, yau ya fara jin sunanshi a bakinta. In ka iso, don Allah kada ka yi mai faɗa.

Allah Ya jiƙanta.
Khaula